Ganyen da Tsutsa Ta Ɗanɗana

Duk wanda ya shiga kasuwar ta ɓangaren masu kayan lambu, sai ya wuce tebura da yawa masu sheƙi kafin ya kai ga na Goggo, kuma in baƙo ne da wuya ya tsaya. Karas ɗinta karkatattu ne, wani ma har da ƙafa biyu, ga ƙasa manne a jikinsu. Tumatirinta babu biyu masu girma ɗaya. Kabejin kuwa ganyen wajensa duk huji ne, kamar an bi shi da ƙusa. In baƙon ya tambayi farashi don neman magana, sai ya ji ya kusa ninka na maƙwabta, ya riƙe baki.

"Goggo, wannan kabejin naki zinare aka zuba masa?"

"Bayana aka zuba masa, ɗan nan," haka take cewa. "In ya yi maka tsada ga na kusa da ni nan, shi ma abinci ne."

Ba ta taɓa cewa kayanta magani ba ne. Akwai masu zuwa da waya a hannu suna karanta mata cewa irin abincin da ba a yi wa feshi ba yana ƙara lafiya da tsawon rai. Sai ta ce ita wannan ba ta sani ba, maigidanta shekara da shekaru shi yake ci, kuma har yau yana nan da tarinsa.

Ba karatu ne ya kai ta ga wannan noman ba, haushi ne. Shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da ta fara lambu a filin bayan gidansu, maigidan nata, wanda mai walda ne, ya sayo mata maganin ƙwari a wata kwalba. Sau ɗaya ta fesa. Hannayenta suka yi ƙuraje, kajinta uku suka shiga lambun suka fito suka mutu. Ta yi kukan kajin nan kamar 'yan uwanta ne, ta ce ita da kwalba har abada. Tun daga ranar, da gari ya yi hasken da za a iya ganin tafin hannu, za ka same ta a sunkuye da tsohon gwangwanin madara, tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, tana tsince tsutsa, tana murje ƙwayayen da ke liƙe a ƙarƙashi. Ta barbaɗa toka, ta yayyafa ruwan tafarnuwa, ta juye gwangwanin wa kaji. Takinta na awaki ne da na kajin. Duk da wannan wahalar tsutsa sai ta ci rabonta, wani lokacin ma rabon nata ya fi na mai lambun.

Goggo ba ta cire ganyen da aka ci. Da fari lalaci ne kawai ya sa, daga baya ta lura cewa masu sayenta shi suke fara dubawa. Su ɗaga kabeji, su ga hujin, su gyaɗa kai, su biya ba ciniki. Ba ta da wata takardar shaida daga kowane ofis. Hujin nan shi ne takardarta, kuma da shi ta aurar da 'ya'ya biyu ta gyara rufin ɗaki.

Babbar mai sayenta ita ce Hajiya mai gidan abincin da ke kusa da asibiti, wadda take kwashe rabin kayan duk Litinin da Alhamis. Mace ce mai faɗa da son gaskiya, kuma tana gaya wa masu cin abincinta daga inda ganyen yake fitowa, su ma su ƙara mata wani abu a kan farashi. Sun shekara goma tare ba su taɓa sa-in-sa ba.

Sai bana gwiwar Goggo ta kumbura, likita ya ce ta zauna a gida sati uku. Ba ta damu sosai ba, don tana da suruka, matar ƙaramin ɗanta, wata shida da aure. Yarinya ce mai kunya da tsafta, tsaftar ma har ta so ta yi yawa. Kafin aure ta yi aiki a wani babban kanti, irin wanda ake wanke kayan lambu a naɗe su a leda a jera ƙarƙashin fitila. Ta riga ta koyi tsintar tsutsa, hannunta ma ya fi na Goggo sauri. Don haka Goggo ta gaya mata farashi, ta gaya mata wa ake yi wa ragi, ta koma ta kwanta hankali kwance. Maganar barin ganye ko ƙasa ba ta ma zo mata a rai ba, don a ganinta ba abin da ake gaya wa mutum ba ne.

Satin farko kaya suka riƙa dawowa. Surukar ta ce kasuwa ce, Goggo ta ce Allah ya kawo mai albarka. Sati na biyu Hajiya ba ta zo ranar Alhamis ba, ba ta kuma aiko ba. Ranar Asabar da hantsi mai albasa, wadda teburinta ke kusa da na Goggo, ta zo duba ta. Aka gaisa, aka yi ya jiki, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta sauke abin da ya kawo ta.

"Goggo, ni dai ban yarda ba. Amma ana cewa wai yanzu a motar kaya kike saro irin namu, kina sayarwa a farashinki."

Ba kayan da suka dawo ne suka dami Goggo ba, waɗannan awaki sun cinye. Abin da ya soke ta shi ne a ce ita, bayan shekara goma sha tara a sunkuye, ta zama maƙaryaciya. Ta san kasuwa sarai, in suna ya ɓaci a cikinta ba ya gyaruwa da rantsuwa. Mai albasa na fita ta jawo sandar maigida ta ɗingisa zuwa tsakar gida, karo na farko cikin kwana goma sha biyu.

Can gindin famfo ta hango surukar a tsugune gaban babban baho, da buroshi a hannu tana dirzar karas har yana ɗaukar ido. Karkatattun ta ware su gefe. Kabejin an feƙe shi tas, kowanne fari sol, santsi kamar kan jariri, ga tulin ganye mai huji an tara wa awaki. Wallahi da Goggo za ta wuce teburin nan a kasuwa, ita ma da ta ce na mota ne.

Faɗa ya taso mata har maƙogwaro, kuma Goggo ba a san ta da haɗiye faɗa ba. Sai yarinyar ta ɗago da murmushi.

"Inna, kin fito? Na ga kamar ba su da kyan gani ne, shi ya sa nake gyara miki su kafin in tafi."

Goggo ta dubi hannayenta, duk sun yi yaushi sun yi fari saboda ruwa. Ashe kullum bayan ta gama tsintar tsutsa sai ta zauna ta yi wannan aikin, ita kaɗai, don ta fitar da uwar mijinta kunya. Tausayi ya kama Goggo, dariya kuma tana neman ƙwace mata.

"Sannu, 'yar nan. Miƙo mini wayata."

Ba ta yi wa Hajiya dogon bayani ba. Ta ce mata ta zo gida gobe da sassafe, kuma kada ta sako takalmi mai kyau.

Hajiya ta zo, fuska a murtuke, da takalminta mai kyau. Ta tarar da Goggo zaune a kan kifaffen bokiti a bakin lambu, ƙafa miƙe. Bayan gaisuwa Goggo ta miƙa mata gwangwani ta ce surukarta za ta nuna mata yadda ake yi. Hajiya ta karɓa, ta tattare zani ta shiga lambun.

Ganye na uku ta ɗaga ta ƙwalla ƙara, don wata ƙatuwar koriyar tsutsa ta hau mata yatsa. Surukar ta cire ta a hankali, ta nuna mata inda ƙwan yake ɓuya. Raɓa ta jiƙa takalmin, toka ta ɓata shi. Ba su kai ƙarshen layi na biyu ba Hajiya ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, tana haki. Ta dubi layukan da suka rage, ta dubi tulin ganyen da ke gaban awaki, ta dubi yarinyar, wadda sai yanzu ta fara gane abin da ta yi, idonta ya cika da ƙwalla.

"Goggo, kullum haka kuke yi?"

"Kullum."

Hajiya ta ajiye gwangwanin. Mace ce da ba ta iya ba da haƙuri ba, ana ganin yadda maganar take mata nauyi.

"Na zarge ki, Goggo. Har da bakina aka faɗa a kasuwa. Da bakin nan kuma zan je in warware yau ɗin nan. Ki yafe mini."

Goggo ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma sai da ta kawar da kai, don daɗin da ta ji ya fi ƙarfinta, kuma ba ta son a ga tana share ido saboda kabeji.

Bayan Hajiya ta tafi, surukar ta matso ta durƙusa kusa da bokitin.

"Inna, to gobe kada in wanke komai?"

Goggo ta dafa kanta.

"Ki wanke hannunki, 'yar nan, ki zo mu karya."