Turken Ragon Yaya

Baba ya yi tuƙi har ya tsufa, da tsohuwar a-kori-kurarsa, tsakanin Kalgo da Gwandu. Da ɓarin jikinsa ya shanye, ita ma ta kwanta a ƙofar gida, kaji na ƙwai a kujerarta.

Da ya ɗan samu sauƙi sai ya sa aka sauke masa injin a zaure. Da hannu ɗaya ya warware shi, yana danne ƙarfe da gwiwa. Fiston, ringi, kowane noti sai ya wanke da kananzir ya jera a faifai. Damina ta wuce, wata ta zo. In na kai masa fura sai ya ce, "Ɗiyata, burina guda. In tafi Juma'a Gwandu cikin motata, ko da wani ka tuƙi."

Ran da aka mai da injin cikin motar ya tashi, wallahi kuka na yi.

Baba ya ja wa babban wanmu kunne: sabon ringi sai an lallaɓa shi, ba lodi, ba gudu, kamar saurayin sa da aka fara ɗaura wa garma. Yaya ya taɓe baki. "Ƙarfe ne fa, Baba, ba jinjiri ba."

Alhamis da hantsi ya zare makulli daga aljihun rigar Baba, ya tafi Dangoma kwasar shinkafarsa. Ya lafta wa motar buhuna har tana jan gindi. Da injin ya yi zafi, maimakon ya bari ya huce, sai ya kamfato ruwan fadama ya sheƙa masa. Ji kake ƙas! Ya tsage. Wawa kawai, mugun iri!

Shanun noma suka jawo motar gida, yara na tafi. Baba ya shafa tsagar da hannunsa mai lafiya. Ni kuwa na zage Yaya tas, har aka riƙe ni.

Yaya ko haƙuri bai ba Baba ba. Da layya ta matso ya sauke injin, ya mirgino shi daidai ƙofar ɗakin Baba, ya ɗaure ragonsa a jiki, yana dariya.

"Ka gani, Baba? Wahalarka ba ta faɗi banza ba, mun samu turke."

Kullum da safe Baba yakan ja ƙafa ya fito da tsumma, ya goge wa injin kashin rago. Bai ƙara zancen Gwandu ba.