Nesa da Layin Dogo

Shekarar da aka yi murar aladu muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Sentul, bene hawa na tara, tagarmu na kallon layin dogo. Sana'ata sayen yadi da gyale a titin 'yan kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman in tura Kano. Matata na da cikin wata bakwai, na farinmu bayan shekara shida da aure, ga shi kullum talabijin sai ta nanata cewa masu juna biyu cutar ta fi kayarwa.

Ni dama ba na iya zama wuri ɗaya. Kullum da safe sai na sayi jarida, ina bin sunayen garuruwan da aka mutu da ɗan yatsa, yau kudu gobe arewa, na rasa gane kan abin. Sai labarin kakata ya faɗo mini, na shekarar marisuwa, annobar murar zamanin da. Ta ce mutuwar nan jirgin ƙasa ta hau. Garuruwan bakin dogo an yi ta jana'iza har masu haƙa suka gaji, su kuwa da ubansu ya kwashe su zuwa ƙauye mai tafiyar yini biyu, ko atishawa ba su yi ba.

Wani tsoho Ba'indiye maƙwabcinmu shi ya ƙarasa ni. Muna shan shayi ya ce a wancan zamanin ma'aikatan dogo da na gonakin roba aka fi binnewa, har da kakansa. Ban ƙarasa shayin ba.

Na ce matata ta haɗa kaya. Ta ce ita ko ƙofa ba ta leƙawa, wace cuta ce za ta hau bene tara ta same ta? Na ce kakata ba ta ƙarya.

"Maigida, jirgin nan fa ba ya tsayawa a ɗakinmu," in ji ta.

Ban yi dariya ba. Na kai ta gidan wani abokina Bakano can bayan gari, inda ko ƙarar jirgi ba a ji, na dawo ina ganin na yi dabara.

Ashe gudun gara na yi na tadda zago. Abokin nawa 'ya'yansa huɗu, duk 'yan makaranta. Ni da nake haddar garuruwa ban lura ba cewa makarantu ake ta rufewa. Kwana biyar ƙaramarsu ta dawo da zazzaɓi. Matata kuwa ba za ta ci abincin mutane sannan ta kulle kanta a ɗaki ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ita ta goya yarinyar, ita ta riƙa shafa mata ruwa.

Sai matata ta kamu. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti, ni ina safa da marwa a baranda da takunkumi a fuska. Ita ta tashi. Jaririn, namiji ne, bai rayu ba, mu biyar muka binne shi tana kwance ba ta san inda take ba. Har yau haushin kaina nake ji.

Ranar da aka sallame ta na fara ba ta haƙuri a cikin tasi. Ta ce haka Allah ya ƙaddara. Na so a ce zagina ta yi. Mun yi nisa, sannan ta juyo.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce da ita. Gaskiyar magana, ban iya buɗe fuskarsa ba.