Hoton da Haske Yake Ci

Babanmu bai iya zama ba. Ka ba shi kujera, sai ya duba ƙafafunta, ya ce ɗaya ta gaza, ya tashi neman guduma. A gidan adana zane-zane na jami'a, inda ya fara aiki tun ba a haife ni ba, Mai Tsani suke ce masa, don ba ka ganinsa sai da tsani a kafaɗa da ƙusa a baki. Aikinsa rataye hotuna da sauke su, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya gina jami'ar.

A bakinsa na san tarihin wurin. Da fari ɗaki ɗaya ne a bayan laburare, inda ake jibge aikin ɗaliban da suka gama suka tafi. Sai wani tsohon malami ya rasu ya bar wa jami'a duk abin da ya tara: tukwane, sassaƙe, tsofaffin saƙa, da wasu manyan hotunan fenti da suka ƙi shiga ta ƙofa. Dole aka gina wuri, kuma Baba ne ya kwaso kayan.

Yana cikin kwasar ne ya ci karo da wani ɗan zane na fentin ruwa a takarda. Mace ce a bakin taga, da ɗankwali rawaya, ta waiwayo kamar an kira ta. Ba a jima ba ya haɗu da matar a matakala, riƙe da tsintsiya.

"Na san ki," in ji shi.

"Daga ina?"

"Daga cikin kwali."

Innarmu ke nan. Shara take yi a ajin zane, wani ɗalibi ya roƙe ta ta ɗan tsaya masa. Inna ba ta son kyamara, in an ɗaga sai ta rufe fuska. Saboda haka da ta rasu, muka duba gida kaf, ba mu sami hotonta ba sai na katin aiki, wanda ya fi kama da wadda aka kama da laifi. Fuskarta ta gaskiya tana can a bangon jami'a.

To, wurin yana da doka, kuma Baba ya fi kowa riƙe ta. Zanen takarda ba ya daɗewa a bango. Zai yi 'yan watanni a waje, sannan a kwantar da shi shekaru cikin durowa mai duhu, don haske yana cin launi a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Lokacin rasuwar, zanen Inna yana bango. Wa'adinsa ya cika, shugabar wurin, wadda kowa ke ce wa Malama, ta kau da kai. Ya sake cika, ta sake kau da kai.

Shi kuwa Baba ya shiga tsere da rana. Yau ya mai da zanen lungun tukwane, gobe ya ce fitilar wurin ta yi ƙarfi, ya kai shi bayan wani sassaƙe. Ya canza labule, ya liƙa takarda a taga. Masu gadi suna tsokanarsa, wai matarsa ta fi ɗalibai yawo. Duk da haka rawayan ɗankwalin ya fara komawa kalar madara.

Ga kuma idonsa. Likita ya ce ganin yana tafiya, ba kuma zai tsaya ba. Baba ya ce likitan ne bai goge gilashinsa ba, amma na sha ganinsa yana laluben kan ƙusa da yatsa.

Wata rana Malama ta kira mu ofis. Ta nuna masa kujera, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mai Tsani, ka fi ni sanin abin da zan faɗa," in ji ta. "In ta ci gaba da zama a bango, fuskar ma za ta bi ɗankwalin. In ta shiga durowa, sai bayan shekaru."

"Shekarun da ba ni da idon jiransu."

"Na sani. Shi ya sa ba zan sa wani ya sauke ta ba. Na bar maka."

Ni dai haushi na ji, har na so in ce mata takarda ce fa, mutum ne a gabanta. Amma matar ba ta yi ƙarya ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Kwanakin da suka biyo baya, gidanmu bai ga zaman lafiya ba. Ya juya gadonsa, ya cire ƙofar kicin ya mayar, ya sauke agogon falo ya rataye shi inda ba mai gani. Da na gaji na ce, "Baba, ka bar ta a bango mana. Wa zai tuhume ka?"

"'Ya'yanki," in ji shi. "Su zo su tarar da farar takarda, a ce musu ga kakarsu?"

A lokacin ko aure ban yi ba.

Da safe ya ce in raka shi, kafin a buɗe wa baƙi. Ya jingine tsani, ya je kan bencin masu kallo, wanda ya goge shekara da shekaru bai taɓa ɗora jikinsa a kai ba, ya zauna. Ya daɗe yana kallonta, ni kuma ina kallonsa. Sannan ya tashi ya sauke ta da hannu biyu, ya kwantar da ita cikin durowa, ya shimfiɗa mata farar takarda a fuska, ya tura durowar a hankali.

Ya bar aiki a ƙarshen shekarar. Ganin ya tafi, amma rashin zaman bai tafi ba. Har yau yana zaga gida da hannu a bango, yana gyara abin da bai lalace ba.

Bana aka fito da Inna daga durowa. Na riƙe shi da hannu ɗaya, ɗiyata tana goye a bayana. Sabon mai tsanin ya matsa mana. Baba ya miƙa hannu ya shafa gefen katakon da aka saka zanen a ciki, ya ce ta karkace, ya ɗaga kusurwar hagu kaɗan. Sai ya rage murya.

"Fuskar tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"To, sauko da yarinyar ta gani."