Bolar Layin Onarabul

Tagar ɗakin da muke haya a Gyaɗi-Gyaɗi bola take kallo. Sanda muka tare ban damu ba, don bolar ba ta taɓa yin tudu ba. Layin Onarabul ne, ɗan majalisarmu na jiha, gidansa ne na ƙarshe mai baƙin get. Duk ranar da zai yi manyan baƙi, sai motar kwashe shara ta zo da sassafe ta share wajen tas. Mu matan layi har mun gane, in muka ji ƙugin motar to yau akwai manya. Baƙi kuwa ba sa yanke masa.

'Yata tana da shekara biyu aka faɗa a rediyo cewa jam'iyyarsa ta kore shi. Ni ban san laifinsa ba. Maigidana, da yake adaidaita sahu yake ja, yana jin zancen gari, ya ce wai ƙin ɗaga hannu ya yi a wata magana da manyansu suke so. Wasu suka ce ba haka ba ne, girman kai ne. Abin da na gani da idona shi ne, kafin sati biyu bencinan ƙofar gidansa sun zama wayam. Mai shayin da ke gefen get ya janye teburinsa ya dawo bakin titi. Aka zo aka tafi da motarsa mai baƙin gilashi. Baƙi suka ɗauke ƙafa, motar shara ma ta ɗauke tata.

Bola ta fara tashi. Ledar fiya wata, famfas ɗin yara, gashin kaji, tsofaffin tayoyin mai faci. Da ta kusa cinye hanya sai masu shaguna suka fara cinna mata wuta. Ba zan zagi kowa ba, ni ma can nake zubar da tawa sharar, ina zan kai ta?

Hayaƙin nan baƙi ne, mai nauyi, ba ya tashi sama kamar na itace. Bin bango yake ya shigo ɗaki. A watan farko 'yata ta fara tari. A na biyu na fara jin wani abu a ƙirjinta, kamar ana busa ƙaramin usur daga nesa. Maƙwabciyata Kirista ce 'yar kudu, nas a asibitin koyarwa, Sista muke ce mata. Ita ta raka ni aka duba yarinyar, aka ce asma ce, aka ba mu wani shuɗin abin shaƙa. Sista ta koya mini yadda ake girgiza shi kafin a danna.

Ta ce, "Amarya, maganin nan taimako ne kawai. Ki fitar da yarinyar nan daga hayaƙi."

Na ce, "In kai ta ina, Sista?"

Amsar tana nan, ni ce ba na son jin ta. Innata da ke ƙauye tun da ta ji labari take cewa a kawo mata jikarta, can iska kyauta ce. Maigidana ya yarda. Ni na ƙi. Ita kaɗai gare ni, ban taɓa kwana ba tare da ƙafarta a kan cikina ba.

Sai na koyi dabaru. Ina jiƙa tsohon zani in rataye a taga. Ina kallon shanyata a igiya, in na ga kayan sun karkato wajen ɗakinmu kuma an kunna wuta, sai in goya ta in kama hanyar Darmanawa gidan gwaggona, mu zauna har wutar ta mutu. Wata ran sau biyu. Ko tuwo nake tuƙawa kunnena yana kan numfashinta.

Ana haka zaɓe ya matso. Wata safiya muka tashi muka ga fastoci kore shar a bangon layi, ga hoton Onarabul, ga ganye ɗaya a gefensa. Wai ya shiga wata ƙaramar jam'iyya ta masu maganar shara da bishiyoyi da iska mai kyau. Ba wanda ya taɓa jin sunanta. Ranar mazan layi sun sami abin dariya.

Mai shayi ya ce, "Jam'iyyar zogale! Wasu na raba taliya, namu kwaɗo zai raba."

Mai faci ya ce, "Ai ko akuya ce ta je za su ba ta takara, ita ma ganyen take so."

Maigidana ya ce ofishin jam'iyyar shago ɗaya ne a Unguwar Gano, tsakanin mai aski da mai cajin waya. A ganinsa maganar a fili take: manyan jam'iyyu sun rufe masa ƙofa, shi kuma ba zai iya zama ba a kira shi Onarabul ba, sai ya shiga inda ba layi. Sista ta ce a'a, ramuwa ce, so yake ya gutsuri ƙuri'un waɗanda suka kore shi ko da shi ba zai ci ba. Ni ban sa baki ba. Aji huɗu na tsaya a firamare, wa zai tambaye ni?

Amma akwai abin da na gani.

Wata rana bayan la'asar aka kunna wutar, iska ta juyo, na goya yarinyar na fito da sauri. A daidai kwanar bola na ci karo da Onarabul yana dawowa daga masallaci, a ƙafa, shi kaɗai. Hayaƙin ya rufe shi. Ya dafa bango ya sunkuya yana tari har hularsa ta faɗi. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro shuɗin abin shaƙa, irin na 'yata sak, ya girgiza shi kamar yadda Sista ta koya mini. Da ya ɗago ya ga ina kallonsa sai ya yi maza ya mayar aljihu, kamar na kama shi da sata. A lokacin ne ya ji usur ɗin a bayana.

Ya ce, "Baiwar Allah, ita ma?"

Na durƙusa na ce, "Ita ma, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Tun da motar ta daina zuwa."

Ya juya yana kallon tudun nan. Can ya ce, "Shekara nawa ina wucewa ta nan gilashi a rufe. Wallahi na zaci ko'ina motar nan take zuwa." Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. "Tafi da ita, kar ki tsaya saboda ni."

Ban ce wannan ne dalilinsa ba. Wataƙila maigidana ne mai gaskiya, wataƙila Sista. Mutum yana iya shiga waje don an kore shi daga wani, ya kuma tarar ƙirjinsa ma can yake so. Ni dai tun ranar na ɗora raina a kan ganyen nan. Na roƙi maigidana a bar mini yarinyar zuwa bayan zaɓe. In Onarabul ya koma, mota za ta dawo. Ya dube ni ya ce, "To, zuwa zaɓe. Daga nan ba na son wata magana."

Wata Asabar ta tsaftar gari Onarabul ya fito da shebur da mutum huɗu masu korayen huluna, ya ɗauko tifa. Samari suka tsaya suna ɗaukarsa a waya suna dariya. An kwashe rabin bolar. Kafin wata ya ƙare ta dawo yadda take.

Ranar zaɓe na bar yarinyar wajen Sista na tafi rumfarmu a Tarauni. Takardar ƙuri'ar doguwa ce kamar ɗankwali, alamu a jere har ƙasa. Na bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai can wajen ƙarshe na ga ganyen. Na dangwali tawada da yawa, na danna da ƙarfi don kar a ce ba a gani ba. Matan da ke bayana duk na san inda suka karɓi taliya, ba na son su leƙa, sai na yi maza na ninke takardar, na sake ninkewa, har ta dawo kamar laya, na jefa.

Da na dawo ina ba Sista labari ina murna, ta ce, "Kin bari ya bushe kafin ki ninke?"

Na ce, "Me zai bushe?"

Ta kama baki. Ta ce in tawada ta taɓa wata alamar, an ga yatsa biyu ke nan, ba a lissafa ta.

Maigidana ya tsaya wajen ƙirge. Ya ce ƙuri'un ganye 'yan kaɗan ne, ko tsayawa a kansu ba a yi ba, kuma an ware wasu da yawa gefe saboda tawada. Na ce bai ga wata mai tawada sosai ba, mai ninki kamar laya? Ya fara dariya, da ya ga fuskata ya daina.

Kwana tara bayan nan aka cinna wuta da hantsi, da tayoyi a ciki. Na goya yarinyar, ban ko kai kwanar bola ba leɓenta ya canza launi. Kwananmu uku a asibiti, an rufe mata fuska da abin numfashi, tana miƙo mini hannu. Da aka sallame mu ban jira maigidana ya yi magana ba, ni na haɗa kayanta. A ƙauye na nuna wa Inna yadda ake girgiza abin shaƙar, na sa ta maimaita har ta gaji ta ce, "Ke, na raini bakwai." Na fito sanda yarinyar take bayan gida tana kallon awaki.

Onarabul yana nan, har yanzu a ƙafa yake zuwa masallaci. Fastocinsa na bangon bola sun yi baƙi, ganyen kawai ake ganewa. Rannan ya tsaya ya ce, "Ina mutuniyar tawa?" Na ce tana ƙauye. Ya gyaɗa kai ya ce gara haka, ya wuce yana dafa bango.

Inna ta ce ko tari ba ta yi, yini take tana bin kaji. Jiya na kira na ce a ba ta wayar. Na ji Inna tana cewa, "Zo ga mamanki." Na kasa kunne ko zan ji usur ɗin nan, babu shi, numfashinta lafiya lau. Sai na ji yarinyar ta ce da Inna, "Wace ce?"

Da na ajiye wayar sai na ga shanya ta karkato. Na tashi na jiƙa zanin na rataye a taga.