Kawu Tanko da Kwalbar Kiran Biba

Shekara tara ke nan da muka kai Kawu Tanko makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Kafin in ce komai a kansa, bari in faɗi gaskiya a kaina: daga Kantin Kwari har Fordham Road ta New York ba a haifi ɗan talla kamata ba. Turare nake sayarwa a tebur. Ɗan sandan da ya zo tashina daga bakin titi ma sai da ya tafi da kwalba uku yana godiya.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, maharbi ɗan maharbi daga wajen Falgore, wanda rabo ya kawo unguwar Bronx a New York yana goge daɓen asibiti. Wani hunturu abokin aikinsa, Bature mai lasin ɗana tarko, ya tafi da shi arewacin jihar inda ake kama biba don fatarta. Biba, ga wanda bai sani ba, kamar gafiya ce da ta samu ƙarin albashi, wutsiyarta kamar faifai, da haƙori take kayar da bishiya ta datse rafi. Masu tarko kan shafa wani haɗi mai wari kusa da tarkon ya jawo ta. Kawu ya sansana nasu ya ce, "Wannan ai ihu ne. Dabba raɗa ake yi mata."

Ya dawo ya haɗa nasa a kicin: jakar warin da ke ƙarƙashin wutsiyar biba, man kifi, kanumfari, da wasu saiwoyi da ake aiko masa daga gida. Wata shida yake rufe su. Baturen ya gwada, ya dawo yana rantsuwa cewa har yanyawa da wata dabbar can mai suna rakun sun bi layi. Nan na shigo. Na buga takarda na manna wa kwalabe, na sa a intanet, na fara bin taron masu tarko. Burina ɗaya, Kawu ya ba ni sirrin haɗin, tunda 'ya'yansa ko sunan kanumfari da Turanci suke amsawa. Ya ce zai ba ni in ya ga na natsu. Sharaɗi ɗaya ya kafa: "Sabo, kada ya taɓa fatar mutum. Abin da ka shafa wa kira, shi za a zo nema."

To, hali zanen dutse. A wani taro mutane suka yi ta wuce teburina, hannuna kuwa ya yi abin da ya saba shekara ashirin. Na buɗe kwalba, na ɗiga a bayan hannuna na hagu, na murza, na kai wa wani dattijo shi hanci. Ya ja da baya ya dube ni kamar mai yi min ta'aziyya. Kayan da na je da su dai sun ƙare tas.

Kwana biyu da dawowata, na taso daga masallaci da la'asar sakaliya, na tarar da ruwa a ƙofar ɗakina. Hawa na biyar nake. Ruwan ya taho ta matakala a layi ɗaya, kamar an jawo jiƙaƙƙen buhu, ya wuce ƙofa goma sha ɗaya, ya tsaya a tawa. Washegari ƙasan ƙofar ya zagwanye, ga ɓarɓashin katako farare tsibi guda. Mai kula da benen ya ce ɓeraye ne. Na yi dariya, na ce ɓerayen New York da zarto suke yawo. A rana ta uku, ƙofa a kulle, na shiga na iske ƙafar kujerar da nake zama an fiƙe ta kamar fensir. Ranar ban yi dariya ba.

Kawu ya zo, ya tsuguna, ya ɗauki ɓarɓashi ɗaya ya juya. Bai tambaye ni komai ba, hannuna kawai ya kama ya sansana. Ya kai ni bakin Kogin Bronx da duk kwalaben da suka rage, ya cuɗa min hannu da taɓo har ya yi ja, ya tuttule haɗin shekara guda a ruwa yana magana ƙasa-ƙasa, irin ta mai bai wa baƙo haƙuri. Babu iska, amma ciyayin wancan tsallaken suka kwanta suka tashi. Tun ranar bai sake ɗora tukunya ba, bai kuma sake tayar da zancen sirri ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Yau in na ga samari a waya suna tallan irin wannan haɗi da kiɗa da ihu, sai in ce da Kawu na nan da ya girgiza kai ya ce kowa ya iya kira, ba kowa ya iya sallama ba. Shi bai ɗauki dabba kayan sayarwa ba kawai. Wanda ka kira, a wurinsa, baƙonka ne, yana da haƙƙi a kanka. Abin da ya bar min ke nan, sai kuma hannun hagu da har gobe karnukan unguwa kan yi tsit su zuba masa ido in na wuce.

Makon jiya na je unguwar Park Hill gaida matarsa, Inna Hajara. Bayan addu'a na gyara murya na ce, "Inna, ai yanzu na natsu. Ko Kawu ya bar wata 'yar takarda?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ko ɗago ba.

"Ya bar saƙo dai. Ya ce in ka tambaya in gaya maka, abin nan da ya hau bene biyar bai taɓa ka ba don ya leƙo ne ya ga kai duk surutu ne, babu nama."