Na Auna Baba, Ban Auna Keken Ba

Litinin, daga unguwarmu Briqueterie

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, taksi ya tsaya mana a bakin titi, don lungunmu mota ba ta shiga. Na turo Baba a kekensa na guragu, ya ja rawani ya rufe rabin fuska kada masu dawowa daga masallaci su gane shi. Shekara biyu ke nan rabonsa da ƙofar gida. Baba mahauci ne, mutumin da a da yake saɓa cinyar bijimi shi kaɗai. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ya daina fita, ya kuma kafa mana doka: "Ba mai ɗaukata kamar gawa sai ranar da za a kai ni maƙabarta."

Ƙanwata Hadiza, wadda ke aikin jinya a Faransa, ita ta biya mana wannan tafiya: kwana huɗu a jirgin ruwa na alfarma a kogin Nilu, daga Luxor zuwa Aswan. Baba bai damu da alfarma ba. Abu ɗaya ya fito da shi, yana so ya sa hannunsa a ruwan da aka saka Annabi Musa yana jariri. Ni kuma tsorona ɗaya. Na san idan aka ciccibe shi sau ɗaya a gaban mutane, zai dawo ya rufe ƙofa har ya koma ga Allah.

Keken ya ƙi shiga but ɗin motar, direba ya ɗaure shi da roba, muka yi jinga sefa dubu goma zuwa filin jirgin sama na Nsimalen, tafiyar minti arba'in da biyar. A shingen kusa da filin jirgi wani jandarma ya leƙa but ya tambaya ko babur ɗin nan yana da takardu. Ban ga laifinsa ba. Malam Isiyaku mai walda na unguwar Madagascar ne ya yi wa keken aiki: ya sa masa tayoyi masu kauri saboda ramukan unguwa, ya faɗaɗa shi don babbar riga ta samu wuri, ya maƙala akwatin ƙarfe a gefe na buta da goro da rediyo.

Jirgi ya tashi da rana, muka sauya wani a Addis Ababa, muka sake sauyawa a Alƙahira. Ko'ina na'ura ce ke ɗaga Baba zuwa ƙofar jirgi, don haka bai yi gardama ba.

Talata, Luxor

Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa bakin kogi. Ɗan jagoranmu, Ustaz Mahmud, yana jin Faransanci, ya nuna mana jirginmu. Na duba na ga jirage huɗu jere, kafaɗa da kafaɗa, namu ne na can ƙarshe. Wai sai mun ratsa ta cikin uku kafin mu kai. Na kasa gane wannan tsari, kamar a ce sai ka bi ta falon maƙwabta uku kafin ka shiga ɗakinka.

Daga ƙasa zuwa jirgi na farko akwai wata siririyar gada mai ƙarfe a gefe da gefe. Na tura keken, tayoyi suka daki ƙarfe. Na ja baya na sake, haka. Manajan jirgi ya fito da takarda a hannu, ya kira ni "mushe", wato malam da Faransanci.

"Mushe, kun rubuta faɗin keke santimita hamsin da biyar."

"Haka ne. Ni na auna da hannuna."

Ya aika aka kawo tef, ya auna daga taya zuwa bakin akwatin buta. Tamanin da ɗaya. Nan gumi ya karyo mini. Ni tela ne, shekara ashirin ina ɗinki. Da Hadiza ta turo takardar cikewa aka ce faɗi, sai na ɗauki tef na auna Baba daga ƙugu zuwa ƙugu yana zaune, har na ƙara santimita biyar don ya sake. Mutum na saba aunawa, ban taɓa tunanin ƙarfe suke tambaya ba.

Kafin in gama bayani matuƙan jirgi huɗu sun zo da fara'a, biyu gaba biyu baya, kowa ya kama kusurwa ɗaya. Baba ya daka tsawar da na rabu da ji tun yana kasuwa.

"Ku sake! Ɗanlami, gaya musu ban mutu ba."

Na faɗa da Faransanci, Ustaz Mahmud ya mayar Larabci, matuƙan suka tsaya suna kallon juna. Su a ganinsu girmamawa ce. Mu kuwa a wurinmu mutum huɗu a kusurwa huɗu makara ce. Daga ƙarshe aka kawo wani ƙaramin keken jirgi, Baba ya dafa kafaɗata ya koma kansa, na tura shi ya haye. Matuƙan suka ɗaga nasa keken sama ba kowa a ciki, suka wuce da shi ta gabanmu. Baba ya bi su da kallo ya ce, "Ga jana'izata can ta tafi ba ni."

Jirgin hawa biyar ne, akwai na'urar hawa bene, akwai tafkin wanka a can sama. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, ga kogi a ƙasa, su kuma sun ɗora wani ruwan a kai suna wanka. A ɗakinmu mun tarar da kada kwance a kan gado, sai da na matsa na ga tawul ne aka naɗe. Baba ya sa na tura shi bakin taga. Gilashi ne da ba ya buɗuwa, ruwa kuma yana can ƙasa da nisa.

Laraba, Karnak da Esna

Ƙarfe bakwai muka tafi tsohon haikalin Karnak. A nan keken Malam Isiyaku ya rama. Wata tsohuwa Bajamusa da nata keken mai tsada sai maƙalewa take a tsakanin duwatsu, namu kuwa tafiya yake kamar a kwalta. Mijinta ya durƙusa ya ɗauki hoton tayoyinmu, ya tambayi sunan kamfanin. Na ce Madagascar. Ya rubuta, na san tsibirin ya ɗauka, ban da ƙarfin yi masa bayani.

Ginshiƙan wurin mutum shida ba za su zagaye ɗaya da hannu ba. Ustaz Mahmud yana ta jero sunayen sarakuna, ni na rikice tun a na uku. Baba ya ce in tambaye shi wanne ne na zamanin Annabi Musa. Ya ce masana ba su haɗu a kan ɗaya ba. Baba ya ce, "To duk wannan gini, an ma rasa wane ne." Abin da ya tsayar da shi sosai hoton da aka sassaƙa a bango ne na mahauta sun kayar da sa. Ya daɗe yana dubawa, ya ce ɗaurin ƙafar daidai ne.

Da la'asar a Esna jirgi ya shiga wani ɗaki na ruwa, aka rufe ƙofa, ruwa ya taso da mu sama. Muna cikin mamakin wannan sai wata leda ta faɗo a cinyar Baba. 'Yan kasuwa ne a kwalekwale suke wurgo jallabiya daga ƙasa, in ka so ka wurga kuɗi. Na duba ɗinkin, na mayar musu.

Alhamis

Edfu da keken doki ake zuwa, Kom Ombo kuma matakala ce. Duka biyun a jirgi muka zauna. An jera abinci kala-kala, Baba ya ci burodi da shayi kawai. Yini guda yana kallon kogi daga sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mun yi kwana uku a kan ruwan nan ko ɗigo bai taɓa shi ba, kuma saura kwana ɗaya.

Juma'a, Aswan

Haikalin Philae a tsibiri yake, da ƙaramin kwalekwale mai inji ake zuwa. Ustaz Mahmud ya ce a nan ne kaɗai ruwa yake kusa da hannu. Amma gangara ce ta dutse, sannan tazara tsakanin gaɓa da kwalekwale, ba keken da zai shiga. Masu kwalekwale huɗu suka matso. Na ɗaga musu hannu, na juya keken don mu koma mota. Hawaye ne a idona.

"Ina za ka kai ni?" in ji Baba.

"Baba, sai an ɗauke ka. Kai kuma ka ce..."

"Na ce kamar gawa. Ka taɓa ganin an goya gawa? Juya ka durƙusa."

Shekara biyu muna tare a gida ɗaya, ashe dokar ma ban auna ta daidai ba. Na durƙusa, ya saƙalo wuyana da hannunsa mai lafiya, na miƙe. Rashin nauyinsa ya tsorata ni. Na taka a hankali na shiga kwalekwale, na zaunar da shi a gefe. Da muka kai tsakiya ya ce a kashe inji. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya tsoma hannu har gwiwar hannu. Sannan ya kamo ɗayan, wanda ya shanye, ya tsoma shi shi ma. Haikalin daga nesa muka gan shi, Baba ya ce ya isa.

Lahadi, gida

Ƙarfe biyu da kwata taksi ya sauke mu a bakin titi, daidai lokacin da ake fitowa daga azahar. An yi ruwan sama, kwata ta cika ta yanke bakin lungu. Na miƙa wa Baba rawaninsa don ya rufe fuska, ya ture hannuna.

"Durƙusa."

Na goya shi a gaban kowa. Tsofaffin abokansa na mahauta suka taso suna "Alhaji! Alhaji ne?" Yana bayana yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu cewa mahautan Fir'auna sun iya ɗaure bijimi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Hadiza da Ustaz Mahmud da Malam Isiyaku. Kafin in sauke Baba a zaure ya ce mini gobe kada in buɗe shago da wuri, zan kai shi kasuwa.