Malam Tanimu da Ƙanƙarar Karkashi

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Jatau a zamaninmu ya san abu biyu ba sa barin jikin Malam Tanimu: baƙin tabarau a fuska, da tef ɗin tela a wuya. Ko gidan suna ya je, kafin a shafa fatiha ya kama ƙafar ɗan wani yana awo. In ya gama sai ya yanke hukunci da ƙarfi: "Wannan zai yi nisa." Ko kuma, Allah ya kiyaye, "Wannan zai yi gida." Wanda aka ce zai yi gida, sunan kan bi shi har ya yi gemu.

Tsohon malamin wasanni ne, ya yi ritaya amma ya ƙi sakin hoki, wasan nan na sanda mai lanƙwasa da 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Ni kuwa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ba ni da wurin ɓuya. Wallahi tsoronsa nake ji, musamman tabaraun nan da ba wanda ya taɓa ganin abin da ke bayansa.

Muna aji huɗu na sakandare aka aiko masa ya zaɓi gola ɗaya, a kai shi Kaduna gwajin matasa. Mu biyu ne a gabansa, ni Aminu da abokina Sabo. Sabo bai san tsoro ba. Ni ko, ƙwallo na tasowa sai in ja da baya. Rasa Kaduna bai dame ni ba. Abin da nake tsoro shi ne Kawu ya dube ni a gaban jama'a ya ce zan yi gida.

Mako guda ya yi yana gwada mu a duk majalisar da ya zauna.

"Sabo ya fi Aminu tsawon hannu da yatsa biyu. Ya fi shi ƙirji. Ya fi shi gudu."

Wani ya ce, "To Malam, shi Aminun da me ya fi shi?"

Ya gyara tabaraunsa, sannan ya ce, "Ci."

Sai kuma ya tono wata tsohuwar mujalla mai hoton Turawa suna buga hoki a kan ƙanƙara. Ya ce sirrin ke nan, wanda ya iya tsayuwa a kan santsi ba abin da zai kayar da shi. To ina ƙanƙara a Zariya? Kawai ya shiga madafa ya ɗauko ƙwaryar karkashin da matarsa Inna Ladi ta jiƙa, ya sheƙa a simintin zaure.

"Malam! Miyar yau ce fa!"

"Miya kullum ana yi. Ku shiga!"

Sabo ya faɗa da gudu. Jama'a, bai tsaya ba sai a waje, ya kwashe ƙafar wata akuya suka zube tare. Ni kuwa na dinga jan ƙafa kaɗan-kaɗan, ina karanto duk addu'ar da na sani, har na kai bango. Kawu bai ce komai ba sai "Hmm." Kwana uku wannan hmm ɗin yana hana ni cin abincin da aka ce na fi kowa iyawa.

Ranar hukunci muka je fili a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kuyambana, rabin unguwa na biye da mu. Ya ɗaure mana ƙafa da soson tsohuwar katifarsa, don shi bai yarda da sayen sabon abu ba. Fuska kuwa a buɗe. Ya ce shi da kansa zai buga.

Sabo ya shiga raga yana dariya, yana tarar ƙwallo da ƙirji, har da miƙa kai. Aka yi ta tafi. Da aka zo kaina, na shiga raga. Na kafe ƙwallon da ido, na tare na ƙasa duka. Ta ƙarshe ta taso saitin fuskata tana ƙara, sai na duƙe. Ta wuce. Fili ya kece da dariya, ni kuwa na rufe ido ina jiran kalmar.

"Sabo zai yi nisa," in ji Kawu, "amma ba a raga ba. Daga gobe ka koma gaba. Aminu, kai ne za ka Kaduna."

Sabo ya ce, "Haba Malam! Kaucewa fa ya yi!"

Sai Kawu ya sa hannu ya cire tabarau. Idonsa na hagu babu shi, fatar ta loɓa ta shafe. 

"Ni ban kauce ba," ya ce.

Ya mayar da tabaraunsa, ya dubi Sabo. "Kuma har yanzu Aminu ya fi ka ci."

Gaskiya ban yi wani nisa ba. Shekara uku na tsare raga, na dawo gida da haƙorana cif da idona biyu, waɗanda nake rubuta wannan da su. Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya haskaka kabarinsa, ya tashe shi da idonsa biyu yana kallon rahama.